Giwa Mai Ƙwaya Talatin da Biyu

Daga shago, ranar Talata

Zuwa ga Yayana, heduman lebura,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya aikin dam, yaya rana, yaya bayan nan naka da ka ce yana riƙewa? Mu nan ƙalau muke. Anti, uwargidanka, lafiyarta lau, yara ma haka, sai autarku da ta yi giɓi, tana yawo tana nuna wa duk wanda ya shigo gidan. Innata tana gaishe ka. Ta ce in tuna maka kakata da kakarka nono ɗaya suka sha, don haka duk abin da na rubuta ka haɗiye shi da haƙuri.

Tunda ka ce waya ba ta kamawa a wurinku sai an hau dutse, kai kuma gwiwarka ta daina shiri da dutse, ga takarda ta hannun direban motar siminti. Ya ce duk mako biyu yake zuwa. In ka ga maiƙo a jikinta, hannunsa ne.

Yaya, shagon wasanka na neman mutuwa a hannuna. Kwamfutocin nan shida da ka bar min amana duk suna tashi, ba wadda ta lalace, kullum ina goge su kamar amare. Amma an fito da wani sabon wasan yaƙi, kowa shi yake so, su kuma ba sa iya ɗaukarsa. Sojanka yana cikin gudu sai ya sandare da ƙafa ɗaya a sama. Kafin ya farfaɗo an harbe shi, an kwashe kayansa, har an yi masa ta'aziyya. Mai Aski na kusa da mu, wanda ba ya fashin zuwa da tsakar rana, ya cire abin kunne ya ce min, "Tsinke, ni wasa na zo yi, ba kallon hoton bango ba." Ya tsallaka titi ya shiga sabon shagon da aka buɗe. Washegari samari huɗu suka bi shi. Yanzu daga ni sai fanka, ita tana juya kai, ni ina juya kai.

Na kira Mai Gyara ya buɗe guda ɗaya. Ya ce katin hoto, mai zana abin da ake gani a allo, ba shi da laifi, furosesa ce ta tsufa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. A cikin kowace furosesa akwai abin da muke ce wa ƙwaya. Ka ɗauke su kamar ƙananan ma'aikata, kowace da lissafin da take yi. Namu ƙwaya bibbiyu ne, kuma tafiyar hawainiya suke yi. Abin da wasan yake so shi ne mai ƙwaya shida, mai gudu giga huɗu da rabi (da giga ake auna saurinsu), tare da bod, wato faifan da za ta zauna a kai. Guda ɗaya kawai nake roƙo mu fara gwadawa. Na rubuta lambarta a bayan takardar nan da manyan baƙaƙe, don na san tabaranka yana nan gida a kan talabijin.

Ka taimaka da wuri. Jiya wata kaza ta shigo shagon, na ji daɗi har na miƙa mata kujera.

Ƙanenka kuma taubashinka,
Tsinke

Daga wurin aiki, ranar Lahadi

Tsinke,

Na amsa gaisuwa. Baya da sauƙi. Ka gaida Inna, ka ce mata ban manta da zumunci ba, shi ya sa har yau mabuɗin shagona yake aljihunka. Batun taubashi kuwa ka bar shi. Dangantakar da sai an ɗauko tsofaffi biyu sun zauna kafin a gano bakin zarenta ba ta kai ka riƙa wasa da ni ba.

Ba na karanta takardarka sai na sa mata rariya. Bara ka rubuto min ruwa ya ci shago. Na nemi izini, na yi kwana biyu a bayan motar siminti, na zo na tarar da kai kwance a benci, ashe kofi ɗaya ne ya zube a kan tebur. Amma wannan karon na yarda akwai matsala, don Anti ma ta rubuto cewa in ta wuce ba ta ganin takalma a ƙofa.

Inda ban yarda da kai ba shi ne maganin. Da bakinka ka ce ƙwayoyin nan ma'aikata ne. To shekarata goma sha tara ina kan ma'aikata. Ban taɓa ganin aikin da mutum shida suka gama kafin mutum talatin ba, komai zafin namansu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Mai Gyaran nan naka abin da ke cikin shagonsa yake so ya tura mana.

Allah ya kawo mana sauƙi ta inda ba mu zata ba. Ofishinmu ya sauya manyan kwamfutocinsa na ɗakin sanyi, an sa tsofaffin a gwanjo don ma'aikata. Guda shida ne, daidai da kujerunka. Na tambayi mai kula da su, ya ce kowace furosesa biyu gare ta, ƙwaya talatin da biyu ke nan a haɗe. Da su aka zana dam ɗin nan tun daga tushe har baki. Injin da ya ɗauki dam ba zai kasa ɗaukar sojan ƙarya yana gudu ba. Na karɓi ɗaya, ga ta nan a motar da ta kawo maka takardar nan. Sauran biyar suna nan har ƙarshen wata mai zuwa, in wannan ta yi kyau zan sa hannu a kansu.

Ka ji sharaɗina da kyau. Anti za ta zo ta duba, ba kuma zan gaya maka rana ba. In ta tarar da mutane suna wasa a kanta, shi ke nan. In ta tarar ka jingine ta a lungu ka rufa mata zane don ba ita ka zaɓa ba, ka miƙa mabuɗi. Ƙanenta ya gama sakandare yana zaune, kullum sai ta yi min maganarsa.

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Yayanka

Daga shago, ranar Alhamis

Yaya,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, in ban da ƙuguna. Mu huɗu muka sauke kayan da ka aiko, direba yana tsaye yana ba da umarni kamar shi ya haife ta. Sai da muka cire ƙyauren shago ɗaya kafin ta shiga. Da na kunna ta, Mai Aski ya fito da almakashi a hannu yana tambayar wa ya kawo injin niƙa. Nan take samari suka raɗa mata suna Giwa.

Ban yi mata rowa ba, Allah shaida. Na ciro katin hoton da ya fi kowanne kyau a shagon na sa mata, na zuba wasan, na zauna da kaina. A kusurwar allo akwai wata lamba da ke nuna hoto nawa ake zanawa a daƙiƙa ɗaya. In ta kai sittin, wasa na tafiya sumul. Giwa ta ba ni ashirin da huɗu. Da aka jefa bam hayaƙi ya tashi, ta sauko sha ɗaya. Tsofaffin namu ma suna lallaɓa ashirin. Wato duk wannan gurnani da cire ƙyaure, hoto huɗu muka ƙaru da shi.

Akwai wata taga da ake buɗewa ta nuna maka kowace ƙwaya a ɗan akwatinta. Na buɗe. Akwati talatin da biyu reras, gwanin sha'awa. Ɗaya ta cika har wuya tana numfashi sama-sama. Uku suna ɗan taya ta. Ashirin da takwas suna kwance suna shan iska. Na ce ashe haka ake aiki a dam, shi ya sa shekara huɗu ba ku gama ba.

Bar wasa, Yaya, ka saurare ni. Laifina ne da na ce maka ma'aikata ne ban ƙarasa zancen ba. Aiki iri biyu ne. Akwai sharar fili, wanda in ka zuba mutum talatin kowa ya kama gefensa. Zanen dam irin wannan ne, shi ya sa Giwa ta yi suna a can. Akwai kuma haƙar rijiya. Mutum nawa ne ke shiga ƙasan rijiya? Ɗaya. Biyu ko uku na jan guga a sama. In ka kawo talatin, sauran sai dai su zagaye baki suna leƙe suna cewa sannu. Wasan nan rijiya ne. Sai an san inda harsashi ya tafi kafin a san wa ya faɗi, sai an san wa ya faɗi kafin a zana shi a ƙasa. Ba a rabawa. Abin da ake so shi ne na cikin ramin ya zama ƙato mai sauri. Ƙwayoyin Giwa giga biyu suke yi da ɗan ɗoriya. Wadda na roƙa tana yin ninkinsu, ga ta sabuwar haihuwa, su kuwa sun ga jiya sun ga yau.

Ko a makarantar allo haka ne. Allo ɗaya, in yara goma suka sa alƙalami a lokaci guda, ba rubutu za a samu ba, wanki za a yi.

Don girman Allah kada ka taɓa sauran biyar ɗin nan. Ka bar su ga mai zanen dam. Wannan layin ba wasa a cikinsa, na ja masa layi biyu a ƙasa don ka gani.

Ga shi kuma ka ɗaure ni da sharaɗi. In Anti ta zo yau, wa za ta tarar a kan Giwa? Mai Aski ya gwada minti biyar ya tashi, ya ce gara ya je ya yi wa jariri aski. Ban san yadda zan yi ba, amma zan san yadda zan yi.

Tsinke

Daga wurin aiki, ranar Jumma'a

Tsinke,

Lafiya lau nake, har bayan ma ya saki don farin ciki. Ina fata Inna da kowa lafiya.

Motar siminti ta lalace a hanya, a bakin garinku, ta yi kwana tara, don haka takardarka da ta Anti rana ɗaya suka iso, a jaka ɗaya. Taka na fara buɗewa. Na karanta rijiya da guga da allo, har raina ya fara ɓaci, na ce ko yaron nan gaskiya yake faɗa. Sai na buɗe ta Anti.

Ga abin da ta rubuta, ban ƙara ko wasali ba. "Na je shago ranar Asabar ba tare da sanarwa ba. Na tarar da layi har bakin titi, kowa Giwa yake jira. Mai Aski yana kai, an yi an yi ya tashi ya ƙi. Lambar kusurwa da ake magana na gani da idona, ɗari da goma, wani lokaci har da ashirin. Tsinke ya sa na ɗora hannu a jikinta na ji yadda ƙwayoyin ke aiki. Maigida, ka yi dabara, Allah ya ƙara basira."

Na yi dariya har lebura suka leƙo tanti. Kai dai ba za ka canza ba. Wato so kake in bar biyar ɗin su wuce ni, in na dawo ka yi ta ba da labari a unguwa cewa ka sa heduma ya tsorata da rijiya. Layi biyun da ka ja ma na gani, bara da ruwa ya ci shago uku ka ja. Gani ya kori ji.

Jiya na je wurin sito na sa hannu a kan sauran biyar. Za su taho in an samu mota mai wuri. Ka nemi kafinta ya faɗaɗa ƙofa tun yanzu, ka kuma ce wa na tsallaken titi ya fara neman wata sana'a.

Mabuɗi na nan a wurinka. Ka yi ƙoƙari, ba zan hana ka yabo ba.

Yayanka

Daga shago, ranar Laraba

Yaya,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya. Na karanta takardarka.

Ka zauna kafin ka ci gaba. Abin da Anti ta gani ba Giwa ba ce. Fatar Giwa ce.

Ga yadda aka yi. Ranar Alhamis ɗin da na rubuto maka, da yamma na biya gidanku gaisuwa. Autarku ta rako ni ƙofa, ta ce min ta cikin giɓinta, "Jibi Mama za ta zo ta kama ka." Na fito ina lissafi. In ta zo ta ga kujera ba kowa, mabuɗi ya tafi, alhali ba ni na kashe zomon ba. Sai na wuce wurin Mai Gyara. Yana da bod ɗaya da irin furosesar da na roƙe ka, mai ƙwaya shida, ta wani ce da ya yi tafiya bai zo karɓa ba. Na yi masa magiya ya ara min kafin mai ita ya dawo. Ranar Jumma'a na rufe shago, na kwance cikin Giwa kaf, na zuba kayan cikinta a kwali na tura ƙarƙashin tebur. Na sa ƙaramin bod ɗin a ciki, ramukan kusoshi ba su dace ba, na ɗaure shi da igiyar roba. Ya zauna a tsakiyar akwatin kamar ɗan tsako a garejin tirela. Fankokinta kawai na bari a haɗe, don gurnanin kada ya ɓace.

Na kira Mai Aski ya gwada. Bai yi minti biyu ba ya leƙa waje ya yi fito, na tsallake suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Yaya, da ka ga shagonka ran nan da ka yi hawaye. Abin da nake gaya maka tun farko ke nan, ƙwaya shida masu gudu.

Niyyata in tsallake ranar Asabar kawai. Na ɗauka takardata ta riga ta isa hannunka, ka karanta, ka fasa biyar ɗin, in ka dawo mu yi dariya tare. Ina zan san mota za ta kwanta a hanya kwana tara? Na yi gudun gara na faɗa gidan zago.

Akwai wani abu kuma, gara ka ji daga bakina. Da Anti ta shigo ta tsaya tana kallo, ta ce, "Tsinke, wai da gaske su talatin da biyu ne a ciki?" Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ka san bakina. Na ce, "Anti, sa hannu nan ki ji." Ta ɗora tafinta a kan murfin, fanka na kaɗa shi. Na ce, "Kin ji wannan zir-zir ɗin? Ta goma sha bakwai ce, ita ta fi ƙwazo." Ta ce, "Ikon Allah, har ka san su ɗaya-ɗaya?" Na ce, "Ta tara ce kawai ke da ƙiwuya, sai an yi mata tsawa." Ta sunkuya ta ce wa akwatin, "To ki daure, 'yar nan." Samarin da ke layi sun san abin da ke ciki, don na buɗe musu sun ga igiyar. Suka yi ta cije leɓe har ta fita. A lokacin abin ya yi min daɗi. Yanzu ko tunawa ba na son yi.

Mai bod ya dawo daga tafiya, Mai Gyara ya zo ya kwance kayansa shekaranjiya. Na mayar wa Giwa hanjinta, ta koma ashirin da huɗu, layi ya koma tsallaken titi. Mai Aski ya ce in an sake yin aron a aika masa.

Na san me za ka ce, wannan ma wani sabon shiri ne. Ba ni da bakin rantsuwa a wurinka, na cinye shi tun bara. Don haka kada ka yarda da ni. Biyar ɗin suna nan kusa da kai. Ka je wurin mai kula da kwamfutocin ofishinku, ka ce ya sa wa ɗaya katin hoto, ya zuba wasan, sunansa na bayan takarda. Ya buɗe maka tagar akwatunan. Ka tsaya da kanka ka ƙirga masu aiki, ai ƙirga masu aiki sana'arka ce. In sun wuce shida, ka aiko a karɓi mabuɗi har da takalmina.

In da halin janye hannun nan, ka janye. Na roƙi direba ya ba ka wannan kafin ya kashe mota.

Tsinke

Daga wurin aiki, ranar Litinin

Tsinke,

Lafiya. Ina fata kuna lafiya.

Na je. Mai kula da kwamfutocin ya ce ba aikinsa ba ne, sai da na jira shi har lokacin cin abinci. Ya ciro katin hoto daga tasa ya sa, ya zuba wasan, ya buɗe tagar. Na ja kujera na zauna minti ashirin ina kallo. Ɗaya tana aiki kamar za ta mutu. Uku suna taɓawa. Sauran ko motsi. Da leburorina ne da na sallami ashirin da takwas kafin azahar. Na ce masa, "Ba yadda za a yi a tashe su?" Ya ce, "Heduma, wasan ne bai san da zamansu ba." Na ce, "Me ya sa ba ka gaya min ba tun farko?" Ya ce, "Ƙwaya nawa ka tambaye ni, ba ka ce me za ka yi da su ba."

To ka yi gaskiya. Na rubuta da hannuna don kada ka ce ban faɗa ba. Rijiya ce.

Daga nan na wuce sito. Mai sito ya ce kayan gwanjo in an sa hannu bakin alƙalami ya bushe, har an cire su daga littafin kamfani. Ya ce in kwashe su kafin sati, wurin ake so. Suna tafe. Wannan asarar tawa ce, ni na ƙi jin magana, ba zan ɗora maka ita duka ba.

Amma akwai wadda take taka kai kaɗai. Takardar Anti ta zo tare da taka. Matar Mai Aski ta tare ta a wurin ɗiban ruwa, a gaban mata, ta ce, "Maman yara, yaya ta tara, ta daina ƙiwuyar?" Kowa ya fashe da dariya, ita kaɗai ce ba ta san dalili ba, sai da aka zaunar da ita aka yi mata bayani. Kafin nan ta bi gida-gida tana ba da labarin injin da mijinta ya aiko. Yanzu yara in sun gan ta sai su dafa bango su ce zir-zir. Ta ce kwana huɗu ba ta fita ba.

Canza cikin injin, na gane tsoro ne ya sa ka, kuma ni na tsorata ka. Ɗora hannunta fa, wa ya sa ka? Matar nan ita ke aiko maka da abinci shago duk ranar da Inna ba ta da lafiya.

Ka kai mata mabuɗi ranar da ka karanta wannan. Ba ƙanenta za ta ba ba. Ta ce ita da kanta za ta riƙe, ta gaji da a riƙa gaya mata abin da ke cikin akwati. Ko za ta bar ka ka ci gaba da aiki a wurin, ko ba za ta bari ba, ban sa baki ba. Kada ka turo Inna, kada ka tayar da kakanni daga kabari, wannan karon ba za su yi maka aiki ba.

Yayanka

Daga shago, ranar Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata baya bai tashi ba. Mu lafiya.

Na kai mabuɗi ranar da takardarka ta zo. Na durƙusa a tsakar gida na ba da haƙuri, na tanadi jawabi mai tsawo tun daga hanya. Ba ta bari na kai rabi ba. Ta karɓa ta ɗaure a bakin zane, ta ce, "Ƙarfe takwas ake buɗewa. Kada ka makara." Shi ke nan abin da ta ce.

Yanzu kullum bakwai da rabi ina bakin shago a tsaye, ni da na shekara biyu ina buɗe ƙofar nan da ƙafa. Mai Aski yana share gaban shagonsa yana tambayata ko in shigo in jira a wurinsa, akwai kujerar baƙi.

Giwayenka biyar sun iso ranar Talata. Mun jera su a bango har rufi, shagon ya koma kamar ɗakin ajiye gawa. Washegari Anti ta aika aka kira Mai Gyara. Ta ba ni sukundireba ta ce in buɗe su ɗaya bayan ɗaya a gabanta, in faɗi sunan kowane abu da aikinsa. In na faɗa sai ta dubi Mai Gyara, sai ya gyaɗa kai sannan ta rubuta. Ashe akwai masu zanen gidaje da ke neman irinsu, Mai Gyara ya san mutum biyu. Ta zauna da shi tun hantsi har la'asar, ban san Anti ta iya ciniki haka ba, sai da gumi ya jiƙa masa riga. An tsaya a kan zai kwashe duka shidan, ya kawo bod biyu da furosesa mai ƙwaya shida, ya ɗaura su da kusoshi. Biyu a maimakon shida. Ba abin da muka so ba ne, amma kujera biyu za su yi gudu, sauran huɗun a yi wasan ƙwallo a kansu kafin Allah ya hore. Da ya kawo, ita ta buɗe tagar da kanta ta ƙirga akwatunan da yatsa. Mai Aski ya dawo. Samari uku sun biyo shi.

Aikin dai ina yi. Ba ta taɓa ɗaga min murya ba, abinci ma bai daina zuwa ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ranar Alhamis na gwada ɗan abin dariya a kan hular direba, kowa ya yi dariya, ita ta ci gaba da rubutunta kamar motar wani ce ta wuce.

Jiya da yamma tana haɗa jakarta ta tambaye ni ƙarfe nawa. Na duba allon kwamfuta na ce biyar saura kwata. Ta ce to. Sai ta ajiye jakar, ta fita, ta taka har shagon Mai Aski ta leƙa agogon bangonsa.

Biyar saura kwata ne, Yaya.

Ƙanenka,
Tsinke